Babu Mai Tarbar Rayyanu

"Ka juya motar nan, Malam direba."

"In juya ta ina? Kai mai boko, leƙa baya ka nuna mini hanyar in bi."

Rayyanu ya leƙa ta taga. Hanyar da suka biyo tana naɗe kanta kamar tabarma, da jar ƙasarta da ramukanta, tana biye da su sannu a hankali. Inda ta tashi babu abin da ya rage sai farin fili, ba ciyawa, ba sawun taya.

Wannan bai hana shi ci gaba da faɗa ba. Ya ce ai tun da aka sauka daga kwalta ya yi magana. Ɗan'azumi direba ya ce ƙarya ne, shi ne ma ya riƙa tsaki wai ana tafiya kamar an ɗauko ƙwai, shi ya sa aka yanke ta daji. Rayyanu ya ce tsaki ba umarni ba ne. Ɗan'azumi ya ce to ya yi wa hanyar tsakin yanzu, ko za ta ji kunyarsa ta warware.

"Ku yi mana shiru," in ji wata tsohuwa daga kujerar baya. Inna Lantana ke nan, mai daddawa, wadda 'yarta ta matsa mata ta shigo tafiyar don ta huta da hayaƙi wuni ɗaya. "Kai, ja mota. Kai kuma ɗan nan, zauna. Gaba dai ita ta rage."

Gaskiyarta. Gaba kawai ta rage.

Rayyanu ɗalibi ne a wata kwalejin horon malamai. Babu abin da aka yi masa. Gajiya ce kawai. Layin famfo da asuba, lacca, garau-garau, lacca, gado, gobe a sake. Fuskokin nan dai, barkwancin nan dai. Da ya ji ana haɗa mota zuwa kallon wani dutse mai zubo da ruwa, a tafi da safe a dawo da yamma, abin da ya ja shi shi ne bai san ko mutum ɗaya cikin matafiyan ba. So yake ya sami wuni guda wanda babu mai kiran sunansa.

Ya kuwa shirya abin da kyau. Ya ce wa Sagiru, abokin ɗakinsa, ya riƙa amsa masa suna a aji, shi zai ɓuya wani wuri ya yi karatu, kada ya damu in bai gan shi ba. Ya buga wa mahaifiyarsa ya ce jarrabawa ta matso, kada a neme shi sai shi ya nema. Ya kashe wayar, ya tura ta ƙasan akwati. Ya fito ba wanda ya gan shi.

Ba su ga dutse ba. Ganuwa suka tarar, ja wur, tsawonta ya shige cikin gajimare, da ƙofa ɗaya wadda ba ta da ƙyaure. Motar ta mutu da kanta a bakin ƙofar. Hanyar ta ƙarasa naɗewa, ta jingina da bango kamar an gama shanya.

Mutanen garin suka fito. Dogaye ne kamar giginya, sanye da fararen kaya, inuwarsu kuma ba ta gudun rana, wajenta take miƙewa. Tafiyarsu ba ta da ƙara. Wasu mata biyu malaman firamare da ke cikin motar suka fara salati ƙasa-ƙasa. Wani tela da ya cika musu kunne tun safe da labarin jarumtakarsa ya shige ƙarƙashin kujera.

Babbansu ya sunkuyo har fuskarsa ta zo daidai taga. Idanunsa kamar ruwan rijiya, kana hango kanka can ƙasa.

"Maraba da 'ya'yan Adamu. Ni ne Sarkin Baƙi na wannan gari. Hanya ce ta kawo ku, mu kuwa ba ma tambayar hanya dalilinta. Ku sauko ku sha ruwa."

Aka shimfiɗa musu a wani zaure mai sanyi, aka kawo fura a ƙwarya ɗaya, wadda duk yadda aka sha ba ta raguwa. Inna Lantana ta yi bisimilla da ƙarfi tana kallon masu gidan. Ko gezau, har wani daga cikinsu ya taya ta. Sai ta sha. Ɗan'azumi ya sha har ya ɓalle maɓallin wuya, ya tambayi na kusa da shi ko ana samun makanike a garin. Ba a cuce su ba. Ko kallon banza ba a yi musu ba.

Da rana ta take tsaka suka nemi izinin tafiya. Sarkin Baƙi ya miƙe ya ce, "To, a taka wa baƙi."

Inna Lantana ta durƙusa. "A'a, ranka ya daɗe, ku yi zamanku. Mun gode. Ku dai nuna mana hanya."

Sarkin ya dubi mutanensa cikin jin daɗi, ya ce su ga mace mai tarbiyya. Ɗan'azumi ya ce shi fa da gaske yake, ba ya son rakiya. Suka gyaɗa kai. Ya rantse. Suka ƙara gyaɗa kai, har ana yabon ladabinsa. Duk baƙo mai kunya haka yake cewa in za a raka shi, duk mai gidan kirki kuma ba ya ji. Babu kalmar da za su faɗa a gane cewa ƙi suke yi.

Aka ba kowa ɗan rakiyarsa. Wani ya kwance rawaninsa ya naɗa gammo, ya ɗora motar a ka, don ba a barin baƙo da kaya. Ɗan'azumi ya bi shi yana roƙo a kula da madubin nan, sabo ne.

Wanda aka ba Rayyanu sunansa Dogon-Taku. Yana ɗaga ƙafa a hankali, kamar mai tsoron taka kaji, don kada ya wuce baƙonsa. Da suka fita ta wata ƙofar, gari ya ɓace a bayansu, Rayyanu ya ɗaga kai ya tambaye shi har ina zai raka shi.

"Har inda al'ada ta tsaya, ya kai baƙo. Mu ba ma sakin baƙo a sarari kamar akuya. Hannu muke damƙa shi. Can gaba akwai kogi, shi ne iyakar ƙasarmu. Duk wanda ake jiransa a gida, mai jiran nasa zai bayyana a ɗaya gaɓar ya tarbe shi. Sai mu miƙa, mu juya."

"In babu mai jiransa fa?"

Dogon-Taku ya dube shi kamar ya faɗi abin da ba a faɗa gaban manya. "Sai a ci gaba da rakiya."

"Har yaushe?"

"Har a zo tarbarsa."

Rayyanu ya tuna wayarsa da ke ƙasan akwati. Sauran kuwa da suka ji, hankalinsu kwanciya ya yi. Inna Lantana ta ce in dai wannan ne, 'yarta Uwani tun yanzu tana leƙen ƙofa. Ɗan'azumi ya ce matarsa kullum tana jiransa da masifa, ai ita ma jira ce. Aka yi dariya. Rayyanu ya dubi ƙasa.

Suka fara shiga wani kurmi mai fararen itatuwa, ganyensu ba ya motsi ko da iska ta buso. 'Yan rakiya suka tsaya suka yi gargaɗi da murya ɗaya: a nan masu aron kamannin mutane suke, kada wanda ya sauka daga turba, ko wa ya gani. Suka ƙara da cewa su ba sa riƙe baƙo da ƙarfi, ba ladabi ba ne.

Ba a yi nisa ba aka fara fitowa daga bayan itatuwa. Malaman nan suka ga 'ya'yansu da kayan makaranta, suna miƙo hannu. Tela ya ga tsohonsa dogare da sanda. Uwani ta fito da goyo tana cewa, "Inna, sannu da hanya, kawo mayafin." Inna Lantana ta rufe ido da hannu ɗaya, ta bi sawun na gabanta tana kuka tana zagi.

Rayyanu ya duba dama. Ya duba hagu. Kowa da masu kiransa, wani uku, wani biyar. Gefensa itatuwa ne kawai, tsirara. Har ya rage tafiya, ko an makara ne. Ba wanda ya fito.

"Daga zuciyar mai jira suke aron fuska," in ji Dogon-Taku a hankali. "Kai ba su sami abin ara ba."

Shi ya sa shi kaɗai idonsa ke buɗe lokacin da Ɗan'azumi ya saki turba. Wata 'yar yarinya ce ta tsaya masa da kofin ruwa, kitsonta biyu, tana cewa Baba. Rayyanu ya ga ƙafafunta saiwoyi ne, sun nutse cikin ƙasa. Ya yi tsalle ya cafki rigar direban. Hannun yarinyar ya miƙe kamar igiyar kabewa ya naɗe ƙafar Ɗan'azumi, bakinta ya buɗe har kunne, ciki babu haƙori babu harshe, duhu ne kawai. Rayyanu ya ja, abin ya ja. Ƙasa tana zamewa a ƙarƙashinsu. Inna Lantana ta kama ƙugun Rayyanu ido rufe, tela ya kama nata zanen, aka yi ta ja kamar ana fid da saniya daga rijiya, har abin ya saki da ƙara irin ta tsinkewar tsirkiya. Suka zube kan turba. 'Yan rakiya suna tsaye, hannu a baya, suna yi musu sannu.

Ɗan'azumi ya daɗe yana haki. Da ya sami magana ya ce ashe boko bai cinye wa yaron nan ƙarfi ba. Sannan ya tambaye shi shi wa ya gani.

"Ba kowa."

Direban ya ce lalle zuciyarsa dutse ce, Allah ya ƙara taurin. Inna Lantana ta juyo wajen Rayyanu. Ta dai daɗe tana kallonsa.

Daga kurmi suka faɗa filin gishiri. Fari fat, ba itace, rana ta sauko har kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A tsakiyar filin akwai turbobi masu kewaye, sun zurma har gwiwa saboda yawan bi. Mutane ne ke binsu, kowa da dogon ɗan rakiyarsa a gefe, yana yi masa inuwa da hannun riga. Ga fatake da jakunansu da kayan kanwa. Ga maharbi da kwari da baka. Ga wani da tsohuwar keke yana turawa, tayoyin sun ƙare, ƙarfe ke jan gishiri. Ba mai kuka. Ba mai gudu. Tafiya kawai.

Wani saurayi mai gajeren wandon kaki, da akwatin kwano a hannun ɗan rakiyarsa, ya zo daidai da Rayyanu ya yi sallama. Ba zai girme shi ba. Ya ce sunansa Mamuda, ya sulale daga gida ne da asuba zai je neman aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, bai gaya wa kowa ba don kada a hana shi.

"Shekaranjiya na fito," ya ce. "Ko an kai layin dogo garinku?"

Rayyanu ya sunkuyar da kai. Idonsa na kan ƙafar Mamuda. Tafinta ya siɗe sumul kamar dutsen niƙa, yatsun sun shafe.

"Ba ka gamu da mai tambayata a hanya ba?"

Rayyanu ya girgiza kai. Mamuda ya ce ba komai, wataƙila gobe. Turbarsa ta karkata, ta tafi da shi.

Nan ne Rayyanu ya kwasa da gudu. Bai san inda ya nufa ba. Ya yi gudu har ƙirjinsa ya ɗauki wuta, gishiri na yanka masa ƙafa, ya faɗi ya tashi. Da ya ɗaga kai, Dogon-Taku na gefensa, taku ɗaya ya yi, yana kare masa rana. Rayyanu ya roƙe shi. Ya ce ya yafe rakiyar duniya da lahira. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san hanyar gida. Da roƙo ya ƙi, ya koma zagi, ya zage shi tas har kakanninsa, ya ɗebi gishiri ya watsa masa a riga.

Dogon-Taku ya kakkaɓe rigarsa. "Baƙo ya gaji. Gajiya ba laifi ba ce. In ka huta sai mu ci gaba."

Babu abin da za ka yi da wanda ba ya fushi. Rayyanu ya tashi ya koma cikin ayari, kansa a sunkuye. Inna Lantana ta matso, ta ce ya faɗa mata gaskiya, wa ya san ya fito. Ya faɗa mata. Ta yi salati a hankali. Ɗan'azumi da ya ji, bai yi ba'a ba wannan karon. Ya ce ai ko ɓarawo yana gaya wa wani inda za shi.

A ƙarshen filin akwai gawo guda ɗaya da randa a gindinsa. Aka zauna shan iska. Inna Lantana ta je gaban Dogon-Taku ta durƙusa, ta ce yaron nan yana da uwa, uwa kuwa ba ta rasa jiran ɗanta, a duba dai. Dogon-Taku ya ce roƙon baƙuwa ba ya faɗuwa ƙasa. Ya ɗebo ruwa a tafin hannunsa, wanda ya kai faɗin faranti, ya ce Rayyanu ya leƙa.

Ya ga ajinsu. Fankar nan mai ƙara tana juyawa. Malami ya kira sunansa, Sagiru ya sauya murya daga baya ya amsa, na kusa da shi suna danne dariya. Malami bai ko ɗago ba. Ruwan ya kaɗa. Ya ga ɗakinsu, Sagiru ya baje kayansa a kan gadon Rayyanu, yana jin daɗin fili.

Ruwan ya sake kaɗawa. Ga tsakar gidansu. Mahaifiyarsa na zaune tana tsince shinkafa. Ta ajiye faifan, ta ɗauki wayarta, ta daɗe tana kallo. Rayyanu ya ƙara matsawa kusa da ruwan. Ƙanwarsa ta ce a kira Yaya mana. Uwar ta mayar da wayar ƙarƙashin tabarma.

"Ya ce kada a dame shi. Ku bar shi ya yi karatunsa."

"Ga shi nan," in ji Rayyanu. "Ka gani da idonka. Tunanina take yi."

"Tunani daban, jira daban, ya kai baƙo. Mai jira kunnensa na bakin ƙofa. Wannan baiwar Allah hankalinta a kwance yake, domin a saninta ta san inda kake. Kai ka kwantar mata da shi."

Ya buɗe yatsunsa, ruwan ya zube, gishiri ya shanye.

Sun isa kogin da la'asar. Ruwa ne kore, ba shi da faɗi sosai, mai ƙarfin hannu zai iya jefa dutse ya ƙetare. A ɗaya gaɓar ga kwalta, ga turakun wuta, har wata babbar mota ta wuce da lodin albasa. Duniya ce, irin wadda Rayyanu ya gaji da ita da safe. Mai ɗauke da motarsu ya miƙa hannu ya ajiye ta can a bakin titi, kamar mai ajiye kwano.

Sai masu tarba suka fara bayyana, tsaye a bakin ruwa, jikinsu shara-shara kamar hayaƙin girki. Yara biyu. Wani tsoho da sanda. Wata mata da hannu a ƙugu, ko daga nesa ka san ta tanadi magana. Uwani da goyonta. Kowane ɗan rakiya ya kama hannun baƙonsa ya kai shi bakin ruwa, ya ce, "Ga amanarku, mun kawo ta lafiya," sannan ya juya. Malaman suka shiga ruwa. Tela ya bi su, bai ko waiwaya ba.

Rayyanu ya bi gaɓar da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya sani. Duk da haka ya duba.

Inna Lantana ta damƙi wuyan hannunsa. Ta ce wa dogayen wannan ɗanta ne, tare suka zo, tare za su koma, mai tarbarta ita ce mai tarbarsa. Dogon-Taku ya ce sai a tambaya. Ya ɗaga murya.

"Ya ke mai jira, wa kike jira?"

"Innata," in ji Uwani.

"Da wa?"

"Innata."

"Ke Uwani, don ubanki ki ce da ɗan'uwanki," in ji tsohuwar. Amma abin da ke tsaye can ba ya ji. Jiran Uwani ne kawai ya zo, ita tana gida. Aka sake tambaya, ta sake faɗin abin da ta faɗa.

Ɗan'azumi ya tura hularsa gaba ya sosa ƙeya. Ya ce shi fa yana da tambaya. Dole ne mai tarba ya zama dangi? In shi ya ƙetare, ya juyo ya tsaya yana jiran yaron nan, ya aka yi ke nan?

"Al'ada ba ta ce dangi ba," in ji Dogon-Taku. "Duk wanda ya tsaya a waccan gaɓar yana jiransa, ko na numfashi ɗaya ne, zan miƙa shi in juya da farin ciki. Sai dai ban ɓoye muku ba. Ruwan nan yana wanke ƙasarmu daga zuciyar mai ƙetarewa, da ita da duk abin da ya bari a cikinta."

Direban ya ce shi ko lambar motar da ya tuƙa yana saurayi bai manta ba, balle mutumin da ya fizge shi daga bakin dodo. Ya juya zai yi wa Rayyanu alkawari, sai ya tsaya da baki buɗe. Wuni guda suna tare, ana ce masa ɗan makaranta, mai boko, ɗan nan. Ba wanda ya san sunansa.

"Rayyanu," ya ce musu.

Suka maimaita. Inna Lantana ta kama bakin mayafinta ta yi ƙulli, ta ja shi da haƙori har ya yi tauri, ta ce wannan shi ne, in ta ga ƙullin za ta tuna. Ta shafa kansa. Ta ce kada ya motsa daga nan.

Suka shiga ruwan tare, suna faɗin sunan da ƙarfi kamar masu talla. Rayyanu, Rayyanu. Ruwa ya kai gwiwa, suna faɗa. Ya kai ƙugu, suna faɗa. Da ya kai ƙirji, muryar Ɗan'azumi ta fara sassautawa. Ya faɗi rabin sunan ya tsaya. Ya dubi gaba, ya hango motarsa, ya ce wane ɗan iska ne ya ajiye masa mota a karkace. Ya ƙara sauri.

Inna Lantana ta fi shi daɗewa. Rayyanu yana ganin leɓɓanta na motsi har ta kusa gaɓa. Amma da ta taka tudu, abin da ke fita bakinta hailala ce. Masu tarba suka narke ɗaya bayan ɗaya. Matafiya suka tsaya a bakin titi suna matse kaya, suna mita wai an kawo su kallon ruwa an jiƙa su a banza.

Rayyanu ya ƙwala kira. Ya kira Inna, ya kira direba. Muryarsu na zuwa masa tar, har tarin tela yana ji. Tasa ba ta ƙetarewa. Ya faɗa cikin kogin. Duk taku ɗaya da ya yi, gaɓar can ta ja baya taku ɗaya, ruwan kuma bai wuce idon sawunsa ba. Ya yi ta tafiya a wuri ɗaya har ƙafafunsa suka ƙi. Ya durƙusa cikin ruwan. Dogon-Taku na tsaye a gefensa, ya naɗe bakin rigarsa don kada ta jiƙe.

Mota ta tashi bugu ɗaya. Aka fara shiga. Inna Lantana ce ta ƙarshe. Ta ɗora ƙafa a matakala, ta ja mayafinta za ta gyara, sai hannunta ya ci karo da ƙullin. Ta tsaya. Ta juya shi. Ta sa haƙori ta kwance, ta duba ciki, ba goro, ba komai. Ta ɗaga kai ta dubi kogin, daidai inda Rayyanu yake durƙushe. Idonta na kansa, ba ta ganinsa.

"Ko na numfashi ɗaya," in ji Dogon-Taku, ƙasa-ƙasa. Shi ma ya sunkuyo yana kallo.

Rayyanu bai ƙifta ba. Goshin tsohuwar ya tattare, bakinta ya ɗan buɗe, kamar mai neman kalma a bakin harshe.

Ɗan'azumi ya danna ham. Ya ce Inna a shigo mana, rana na faɗuwa, kowa ana jiransa a gida.

Ta kakkaɓe mayafin ta shiga. Aka ja ƙofa. Dogon-Taku ya miƙe tsaye, ya juya fuskarsa wajen filin gishiri, ya ɗora hannu a kafaɗar Rayyanu a hankali, yadda ake yi wa baƙo mai daraja. Motar ta hau kwalta. Kowa a ciki na fama da jiƙaƙƙen kayansa, direba na neman giya ta biyu. Ta cikin ƙarar injin, tana nisa tana raguwa, muryar tsohuwar ta ƙetaro ruwa, ba ta ma san wa take tambaya ba.

"Wai mu ke nan duka? Ba wanda muka bari?"